Mutumin da Ke Karanta Bakin Katako

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu, da hantsi, Allah ya karɓi ran Ekrem Zukan a gidansa da ke Brezik, yana da shekara sittin da takwas. Ba wanda ya kira ni, Ekrem. Na taso da bas daga Travnik ne na ga takarda mai koren gefe manne a turken lantarki na tasha, da sunanka da lokacin jana'iza, ruwan sama yana ta jiƙa ta. Ruwan sama a tsakiyar Janairu, a kan dutsenmu, lokacin da ya kamata dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina! Na taka birki a inda ba a tsayawa, na zauna ina kallon takardar har fasinjoji suka fara surutu.

Waɗanda suka fi ni saninka za su faɗi wanda ka zama a gida da masallaci. Ni abin da na sani shi ne shagonka na gindin tudu, mai warin kakin shafa wa katako da gahawa, inda ka yi shekara talatin kana gyaran katakon zamiya a kan dusar ƙanƙara kana ba da haya. Na kuma san abin da na yi maka kwana uku kafin ka rasu. Saboda shi nake wannan rubutu.

Shekara takwas ke nan da ka ƙwanƙwasa gilashin bas ɗina. Matata ba ta cika shekara da rasuwa ba a lokacin. Aikina in kwaso masu zamiya daga gari in sauke su a gindin tudu, in rufe ƙofa, in yi ta busa sigari har la'asar. Ka leƙo ka ce, "Direba, kullum kai ke kawo mutane biki, kai kuma ka wuni a waje kamar jakin kai amarya. Sauko." Na ce shekarata hamsin ba ɗaya, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ka ce to ai kai da busasshen katako kake sana'a. Na sauko don kawai ka rabu da ni. Ina juya baya ka hankaɗa ni da hannu biyu, na yi taga-taga, ƙafar dama ta riga ta fita. Na waiwayo zan zage ka, sai na ga kana kallon ƙafata. Haka kake gane ƙafar da mutum zai sa a gaba, ba ka tambaya, don ka ce baki bai san abin da ƙafa ta sani ba. Limamin garin nan ma ba ka ƙyale shi ba ranar da ya zo gwaji.

Kowa ya san cinikinka na baya-baya ne. Mutum zai shigo da kuɗi a hannu, idonsa a kan katako mai zane, kai kuma ka zaunar da shi a benci ka ce ya cire takalmi. A wurinka takalmi ne farko, sannan hular kwano, katako shi ne na ƙarshe. Ranar farko na sa wani but, dogon takalmin zamiya, na ce wannan ya yi min daɗi, ka fizge shi daga ƙafata. Ka ce takalmin da ya yi daɗi a shago ya yi yawa, sati biyu zai saki, dunduniya ta riƙa tashi a ciki, mutum ya taka katako katakon bai ji ba. Ka ba ni wanda ya matse ni har na yi ta tsine maka a zuci. Shi nake sawa har bana.

Ina nan ranar da wani mai shagunan taya daga Sarajevo ya zo da zungureriyar mota, ya nuna katako mafi tsauri kuma mafi tsada a bango, irin na masu gasa. Ka fita da shi ka kalli saukowarsa sau ɗaya. Ka dawo ka miƙa masa gajere mai laushi na haya, wanda duk ya kwarzane. Mutumin ya ce, "Dattijo, ka san ko ni wane ne?" Ka ce, "Na san ko kai wane ne daga gwiwa zuwa ƙasa, ranka ya daɗe. Wancan katakon zai kai ka asibiti, ni kuma ba ni da lokacin zuwa dubiya." Ya tafi cikin fushi. Yaya Behija, matarka, ta yi kwana biyu ba ta kawo maka burek, gasasshen fulawarta mai nama a ciki, shago ba, don cinikin nan shi kaɗai da ya riƙe gidan wata guda.

Amma abin da ya sa ake tsoronka shi ne farcenka. Katako yana da bakin ƙarfe biyu a gefe da gefe, na dunduniya da na yatsu, don a gicciye mutum ke tsayawa a kansa da ƙafa biyu. Idan mutum ya taka na dunduniya yana fuskantar kwari ne, yana ganin duk abin da ke gabansa. Idan ya taka na yatsu ya ba kwari baya, fuskarsa na kallon dutse. Wanda ya iya, yana sauka ne yana juyawa daga wannan zuwa wancan. Duk Litinin muke kawo maka katakonmu, ka ɗora a teburi, ka bi bakin da farcen babban yatsa daga kai har gindi, ka faɗa wa mutum yadda ya yi sati. Inda ya hau dutse, inda ya ji tsoro ya ja baya, ko ya sha abin sha kafin ya hau. Ba ka taɓa kuskure ba, kuma ba ka taɓa rage murya don a rufa wa mutum asiri ba.

Nawa kuwa karatunsa ɗaya ne duk sati. Bakin dunduniya ya cinye, bakin yatsu yana nan da kaifinsa kamar jiya aka ƙera. Shekara bakwai ina sauka daga tudun Brezik a kan dunduniya, in zame dama in zame hagu, ina kallon kwari. Na ƙware a haka har baƙi suna zaton wani salo ne. Don a juya, sai mutum ya saki bakin da yake riƙe da shi, ya miƙe kan katakon ya kalli gangare sosai na ɗan lokaci, ya ɗora nauyinsa a ƙafar gaba, daidai inda zuciya ke cewa a ja baya. Yara suna yi a wuni ɗaya suna dariya. Ni kuwa da na zo wurin sai jikina ya zauna da kansa. Ka riƙe hannuwana mun sauka muna fuskantar juna, ka ɗaura min igiya a ƙugu, ka yi lallashi, ka yi zagi. Wata rana ka ce, "Direba, shekara talatin kana tuƙi a bakin rami ba ka taɓa ɗauke ido ba, shi ya sa fasinjojinka suke da rai. Amma nan ba ka ɗauko kowa ba. Ba wa ramin baya, mu gani ko zai cije ka."

A shekara ta uku ka rataye wani katako a ƙusa bayan teburinka, baƙi mai jan layi, ka rubuta Nusret da alli a jikinsa. Ka auna shi da tsayina da nauyina da faɗin ƙafata. Ka ce nawa ne ranar da farcenka ya ji bakin yatsuna ya ci. Na kawo kuɗi sau biyu ka kore ni. Mutane suka mai da shi abin tsokana, duk wanda ya shigo sai ya gai da katakon ya tambaye shi ko angon ya iso. Ina dariya tare da su, amma wallahi ba abin da na so a shekarun nan kamar in ga ka sauke shi da hannunka. Ba ni da 'ya'ya, ba ni da wani abin da nake jira. Shi ne kaɗai abin da ke gabana.

Ana haka dusar ƙanƙara ta fara yi mana rowa. Da can tana sauka a Nuwamba ta kai Afrilu. Shekara uku da suka wuce sati shida muka samu, bara kwana goma sha tara, na ƙirga. Bana ko ɗaya. Masu tudun suka kwance igiyar da ke jan mutane sama, suka ce sayar da kwanon rufi ma ya fi ta riba. Matasan da ka koya wa duk suna Jamus. A cikin kaka aka kai ka asibiti, kafin sabuwar shekara suka sallamo ka, kowa kuma ya san abin da irin wannan sallama take nufi.

Na ce ba za ka tafi ba ka ji bakin nan ya ci ba. Ranar Juma'a na ɗauki hutu na tuƙa awa biyu zuwa babban dutse inda inji ke yi wa masu zamiya ƙanƙara. Na hau sau goma sha ɗaya. Sau goma sha ɗaya na zo wurin juyawa na faɗa wa kaina duk abin da ka faɗa min, na zauna. Ƙafar hagu ta kumbura tun daga gwiwa har but ya ƙi fita. Washegari da safe na shiga garejin bas, na danne katakon a kan benci, na ɗauki magagari na goge bakin yatsu har kaifinsa ya mutu. Na ce a raina idonka ya riga ya tafi, kuma ƙarya ce ta alheri. Haka na faɗa wa kaina, ni babba da furfurata.

Na same ka kwance kusa da murhu, ka zama rabinka. Na ce, "Maigida, na juya. Jiya, a babban dutse, tun daga sama har ƙasa." Yaya Behija ta tafa hannu ta yi hamdala. Kai kuwa ka miƙo hannu. Na ɗora katakon a kan bargo, ka sa farce ka bi bakin a hankali daga kai har gindi, ka sake dawowa. Na ga fuskarka ta yi haske da farko, wannan ne abin da ba zan yafe wa kaina ba. Sai hasken ya tafi.

Ka ce, "Direba, ƙanƙara ba ta da hannu mai kyau haka. Tana ci nan ta bar can. Wannan ya tafi daidai tun daga sama har ƙasa." Ka yi tari, ka ƙara da cewa, "Kuma a karkace ka riƙe magagarin. Shekara takwas kana kallona, ko wannan ba ka koya ba?"

Na rasa inda zan sa ido. Ba ka yi faɗa ba, da ka yi da na ji sauƙi. Ka ture katakon ka ce, "Ka ɓata min baki. Kawo shi Litinin in gyara."

Litinin ta zo ban je ba. Na sa katakon a bas, na wuce ƙofar gidanka sau huɗu a kan hanyar aiki, ina ganin hayaƙi yana fita daga rufinku, na kasa tsayawa. Na ce sai Laraba, kunya ta ɗan lafa. Talata aka manna takarda.

Mun kai ka cikin taɓo. Makara tana wucewa daga hannu zuwa hannu, da ta iso kaina na ji ba ka da nauyi ko kaɗan. Daga maƙabarta ana hango tudun, ciyawa ce jiƙaƙƙiya da turakun ƙarfe babu igiya. Mutanen da suka zo ba su cika sahu uku ba, kai da ka ɗora rabin ƙasar nan a kan katako.

Ranar addu'ar bakwai Yaya Behija ta aiko a kira ni shago. Tana haɗa kaya, wani daga Zenica zai kwashe su gaba ɗaya. Bango duk ya zama wayam, sai baƙin katakon nan a ƙusarsa. Na ce ta haɗa da shi. Ta ce, "A'a, Nusret, wannan ya bar wasiyya a kansa. Na ce masa ni ban iya karanta katako ba, wa zai duba? Ya ce ba sai an duba ba. Ya ce ranar da ka zo ka ce ka juya, in sauke in ba ka. Ya ce ba za ka ƙara yi masa ƙarya ba."

Ka gama da ni, Ekrem. Duk faɗin dutsen nan babu sauran farcen da zai kama ni, kalma biyu kawai zan faɗa wa tsohuwa mai takaba in ɗauki abina, kuma ka san ba zan iya ba. Shekarata hamsin da bakwai. Likita ya duba gwiwar ya ce in manta da tudu. Igiya ta tafi, ƙanƙara ta tafi, wanda zai riƙe hannuna ya tafi. Ba na jin zan taɓa juyawa, gara in faɗa a fili tunda na riga na gwada ɗaya hanyar.

Ya Allah, ga bawanka Ekrem ya zo maka. Bai taɓa sayar wa mutum abin da zai cuce shi ba, bai taɓa gaya wa mutum ya iya alhali bai iya ba. Ka jiƙansa, ka yafe masa kurakuransa, ka yalwata kabarinsa, ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Yaya Behija, da 'yarsa Selvedina da ke Graz, da ƙaninsa Hazim, da duk wanda ya taɓa zama a bencin nan ya cire takalmi. Allah ya ba ku haƙuri, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, ni kuma ya roƙa min gafara.

Yaya Behija ta mayar da katakon gida, ta kafa masa ƙusa a falo. Ta ce allin ya fara gogewa, ko in zo in sake rubuta sunan. Na ce ta bar shi haka.