Alkamar Baba Audu a Gonar Aro

Jiya da hantsi na isa fadamar bayan Tudun Ƙofa, na tarar tifar yashi ta juya baya tana shirin juyewa a kan alkama. Babu abin da ya raba su sai maƙwabcina Baba Audu, tsaye ba takalmi.

Sabon iri ne mai jure zafi, karo na farko da ya gwada. Ta fid da kai, tana rausaya kamar baitin da ya hau karinsa. Amma gonar aro ce, mai ita kuwa gini yake so.

"Baba, matsa! Ai na ce maka Keffi ba ƙasar alkama ba ce," in ji Alhaji mai gonar.

"Ka faɗa, Alhaji, to ga ta tsaye. In za a juye, a haɗa da ni."

Injin yana ta ruri. Alhaji ya tsinki zangarniya, ya murza, madararta ta jiƙa masa yatsa.

"Direba, zuba a bakin hanya. Baba, daga girbi magana ta ƙare."

Alkamar bana ta tsira, ta baɗi ba ta da masauki. Jama'a, marar gona a ina zai gwada sabon iri?