Sunan da Inna Delu Ta Ƙi Faɗa

Wata rana aka wayi gari da layin tsofaffi har bakin ƙofar wani asibitin gwamnati.

An yi sanarwa a rediyo cewa duk wanda ya haura shekara sittin da biyar ya zo a yi masa katin lafiya, magani kyauta, aikin ido kyauta. Irin wannan sanarwa mun saba jinta. Abin da ba mu saba ba shi ne a je a tarar da tebur, da ma'aikaciya a zaune.

To, wannan karon an tarar.

Cikin layin akwai Inna Delu, wadda ta biyo motar kasuwa ita kaɗai daga ƙauyensu. Shekara shida ke nan da yanar ido ta rufe mata gani, mutum ma sai ya yi magana take gane shi. Ranar ce kuma ta ƙarshen rajista. Wanda bai samu kati ba sai wata shekara, kun kuwa san tsawon "wata shekara" a bakin gwamnati.

Aka zo kanta. Ma'aikaciyar, Malama Rumasa'u, ta tambayi suna da gari, Inna ta amsa tiryan-tiryan. Shekaru fa? Ta ce lokacin da aka daina fam da sule tana goyon fari. Rumasa'u ta ɗan yi lissafi, ta rubuta saba'in.

"Saura sunan wanda zai tsaya miki ranar aiki."

"Yaron nan ne."

"Wane yaro, Inna?"

"Wancan dai. Mai tuƙin babbar mota."

"Sunansa nake so."

Inna Delu ta ja mayafi ta rufe baki.

"Yaron nan" ya haura hamsin, har da jikoki. Amma ɗan fari ne, shi kaɗai kuma Allah ya bar mata. Tun ranar da aka raɗa masa suna, sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. Haka ta ga uwarta ta yi, haka kakarta.

Ta kwance bakin zane ta miƙa wata 'yar takarda. Lambar waya ce, babu suna. Aka kira sau uku, a kashe. Yana can hanyar Kurmi da lodin albasa.

Rumasa'u ta gwada tsallake gurbin, kwamfuta ta ƙi. Ita ba a ƙauye aka raine ta ba, ba ta san alkunya ba.

"Inna, idonki fa ake magana. Ki raɗa mini a kunne, ba mai ji."

"'Yar nan, ke ba mutum ba ce?"

Ta fara laluben sandarta. Ranta ya so aikin nan. Ta so ta sake tsince shinkafa da kanta, ta so ta ga ko jikokin da ake cewa suna kama da ita gaskiya ake gaya mata. Amma ta miƙe.

Sai tsohon da ke bayanta ya yi gyaran murya. Malam Tanimu ke nan, tsohon hedimasta, wanda ya shekara talatin da biyar yana kiran rajistar aji.

"Baiwar Allah, koma ki zauna. Ba ke za ki faɗa ba, ni zan kira. In ba shi ba ne ki ce a'a. In na zo kansa, ki yi shiru."

Inna ta juya maganar a ranta, ba ta ga inda ta saɓa wa tarbiyya ba. Ta zauna.

"Garba?"

"A'a."

"Lawal?"

"A'a."

Nan da nan layi ya watse, aka kewaye tebur. Mutanen da ɗazu suke nishin ciwon gwiwa suka shiga jefo sunaye kamar ana gwanjo.

"Malam, gwada Ɗanjuma!"

"Allah ya kiyaye," in ji Inna. "Sunan wanda ya sace mana akuya ke nan."

"Hajiya, sunana ne fa!" wani ya ɗaga murya daga baya.

"To, ban ce kai ba ne. Amma muryar ta yi kama."

Har mai gadi sai da ya dafa bango don dariya.

An wuce suna arba'in, hedimasta ya fara share gumi. Can ya ce:

"Haladu?"

Shiru.

Inna Delu ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi kamar amarya.

"Malama, rubuta," in ji hedimasta. "Yana nan."

Aka yi kati. Aka yi aiki bayan kwana huɗu, kuma, ku yi haƙuri da wannan labari maras daɗin yaɗawa, ba a karɓi ko sisi ba.

Ranar kwance bandeji Haladu na tsaye a gabanta, hula a hannu. Inna ta buɗe ido. Ta dubi fanka, ta dubi labule, ta yaba zanen nas. Shi kuwa ta wutsiyar ido ta kalle shi, kallo ɗaya, sai dai ya ɗan yi tsawo.

Sannan ta juya ga nas ɗin.

"Ki gaya wa wancan ya riƙa cin abinci. Kuma wa ya ba shi izinin yin furfura?"

Darasi: Wani lokaci tanadin da aka yi wa tsofaffi yana nan da gaske, haƙƙinsu ne kuma, ba alfarma ba. Abin da ke raba su da shi bai fi gurbi ɗaya a fom ba. In tsohonka zai je rajista, bar abin da kake yi ka raka shi. In kai ne a bayan tebur, tuna cewa ba kowane shiru ne rashin amsa ba.

Ku tura wa masu iyaye a raye. Musamman 'yan fari, tunda su ba za a kira su da suna a gaya musu ba.