Waifar Motar Baba

Babanmu bai iya zama ba. Ko abinci a tsaye yake ci, ƙafa ɗaya a bakin ƙofa. Direba ne tun kafin a haife mu. Ya ja manyan motoci, ya ja na haya, da ƙarfi ya ragu ya koma ɗaukar 'yan kasuwa a wata tsohuwar mota da kowa a layinmu ya san tarinta.

Farkon damina ya goge wani mai babur ana tsaka da ruwa. Ba wanda ya ji ciwo, amma Yaya, babban wanmu, ya ce ya isa haka, a kawo makulli. Baba ya rantse laifin waifa ne, abar share ruwa a gilashin mota. Ya ce ƙarafan da ke kaɗa ta daga ƙarƙashin gilashi sun ci, sai ta yi shara ɗaya ta tsaya tana karkarwa. Yaya ya ce to a gyara, amma in aka sake, tuƙi ya ƙare.

Wai a kai wa makaniki? Ina! Da asuba ya cire murfin roba, ya zaro ƙarafan ya shimfiɗa su a kan tabarmar Umma. Robar gaɓar ta cinye, ƙwallon ƙarfen yana lilo a ciki kamar haƙorin tsoho. Ya tafi wajen 'yan gwangwan ya samo wata, ta ƙi shiga. Sai ya jefa ta a tukunyar shayi don ta yi laushi. Umma ta yi salati, ta ce mutumin nan sai ya shayar da mu giris hankalinsa zai kwanta.

Ni ce mai riƙe sifana, ni ce mai shan faɗa. Saboda gaggawa ya ɗaura hannuwan waifar bai bari injinta ya koma mazauninsa ba, da ya kashe sai suka tsaya cak a tsakiyar gilashi. Na yi dariya, ya harare ni, ya sake kwancewa. Noti ya faɗa cikin inji, ya kwanta a ƙasa yana lalube. Wallahi haushi ya ishe ni, tausayi kuma ya fi haushin.

Da yamma hadari ya haɗo. Ya ce, "Uwata, shigo mu gwada." Haka yake kirana.

Muna hawa titi ruwa ya kece. Waifa na tafiya sumul, ba ƙara, ba karkarwa, gilashi tas. Na buɗe baki zan yi masa barka, sai na ga ya matso da fuska dab da sitiyari yana ƙifta ido.

"Kai, wannan roba ta banza ce," in ji shi. "Ji yadda take barin hazo."

Ya goge gilashin da hularsa daga ciki, ya sake gogewa. Can ya rage gudu, ya gangara gefen titi ya tsaya, waifa na ta aikinta.

"Uwata, tsakaninki da Allah, ke kina ganin hanya?"

"Ina gani, Baba."

"Ras?"

"Ras."

Ya daɗe riƙe da sitiyari. Sannan ya ce in kira yayana a waya, ya zo ya mai da mu gida.