Addu'ar Arba'in ta Miss Ruby

Duk Bahaushen da ya daɗe a Greensboro ya san Malam Chaïbou da abu guda: shi ne mutumin da ya ɗebo samarin Mormon biyu ya kai su gidan dattijon cocin Baptist, wai su yi wa matarsa addu'ar arba'in. Har yau in aka tayar da zancen a wajen suna, sai ka ga Malam ya sunkuyar da kai yana gyara hular da ba ta karkace ba.

Mutumin Tessaoua ne. Ya yi wankin kwanoni a Amurka, ya ja tasi, daga baya ya samu aikin tuƙa motar ɗaga kaya a wani sito. A 2003 ya kama haya a McLeansville, inda gida ɗaya ne tak kusa da nasa, na wani tsoho Mista Odell da matarsa Miss Ruby. Mutanen kirki ne. Miss Ruby ce ta koya wa Kouloussoum, matar Malam, tuƙin mota a filin cocinsu. Shi kuwa tsohon, duk Asabar yakan ara wa Malam injin yankan ciyawa, har da mai a ciki.

A bazarar 2005 Miss Ruby ta rasu. Aka yi jana'iza, aka ci abinci, bayan kwana biyu kowa ya watse. Ba tabarma a ƙofar gida, ba masu zaman makoki. Kullum Malam ya dawo daga aiki sai ya hango tsohon zaune shi kaɗai a baranda, kusa da kujerar da ba kowa a kanta. Abin ya tsaya masa a rai. Ya shiga ƙirga kwanaki a jikin kalanda, ya ƙudura cewa ran arba'in sai an yi wa baiwar Allahn nan abin da ake yi wa mutum mai mutane.

Malamai ne suka rage. Akwai wasu samari biyu da suka taɓa ƙwanƙwasa masa ƙofa, fararen riguna, ga ladabi, ga sunan Annabi Isa manne a ƙirji. Ya ba su ruwa ya ce yana da addininsa, suka bar masa lambar waya. Su ya ce zai kira.

"Malam, ka tambayi Longji mana tukuna," in ji Kouloussoum. Longji abokin aikinsa ne, Kirista ɗan Filato.

"Me zan tambaya? Coci ai coci ne. Ke dai yi mana dambu."

Ranar Alhamis bayan la'asar Malam ya sa babbar riga, ya rungumi kular dambu da zogale, ya tasa samarin a gaba.

"Mista Odell, yau kwanan Miss Ruby arba'in. Ga malamanku na kawo, su roƙa mata gafara."

Tsohon ya miƙe a hankali. Ya karanta abin da ke ƙirjin samarin, fuskarsa ta yi ja har kunne.

"Chaïbou, waɗannan ba mutanena ba ne. Ruby ba ta jiran kowa ya roƙa mata komai, tana wurin Ubangijinta. Kuma ba wanda zai sa sunan matata a littafinsu."

"Yallaɓai, mu ma Yesu muke bi," in ji ɗaya daga cikin samarin da ƙaramar murya. "Ba mu san ba kai ka sa a kira mu ba."

"Ku je ku bi shi a wani gidan."

Ya shige ya rufe ƙofa. Malam ya ajiye kular a bakin baranda don bai san inda zai kai ta ba. Don ya rage kunya, ya ja samarin gidansa, ya hura gawayi, ya haɗa musu shayi mai kumfa irin na gida. Suka ba da haƙuri, suka ce addininsu ya hana su shan shayi. Haka suka zauna suna kallonsa, ya shanye na farko, da na biyu, da na uku, shi kaɗai.

Washegari a sito Longji ya yi dariya har da dafa bango, sannan ya warware masa. Su 'yan Mormon suna da wani littafi bayan Baibul, da annabinsu na daga baya, kuma sukan yi baftisma a madadin waɗanda suka mutu. Su dai suna cewa Kiristoci ne, amma coci irin ta Mista Odell ba ta yarda ba.

"Ka ɗauka mahaifiyarka ce ta rasu, Malam. Sai maƙwabcinka ya kawo maka waɗanda suka ce an yi wani annabi bayan naku, wai su yi mata addu'a."

"Innalillahi," in ji Malam. Bai iya cin abincin rana ba.

Ga injin ciyawar mutane a garejinsa, ga shi ba shi da idon mayarwa. In zai fita, sai ya leƙa ta labule ya tabbata barandar ba kowa. Kouloussoum ta ce ya je ya ce pardon a wuce wurin, ya ce ƙafarsa ba za ta kai shi ba. Dabarar da ya samo ita ce, duk Lahadi da zarar motar tsohon ta nufi coci, sai ya lallaɓa ya yanke masa ciyawa tas, ya gudu gida kamar wanda ya yi sata.

A Lahadi ta biyar motar ta fita, ta zagaya, ta dawo. Malam yana tsakiyar fili, ba wurin ɓuya. Mista Odell ya shiga gida ya fito da kular, a wanke.

"Abincin nan, a ranar na cinye shi." Ya dubi Malam. "Yau kwana nawa?"

"Saba'in da ɗaya," in ji Malam, idonsa a ƙasa.

"Haka ni ma na ƙirga. Na zaci ni kaɗai nake ƙirgawa." Ya miƙa masa kular. "Jeka ɗauko shayin nan naka, ni ba a hana ni ba. Amma kai kaɗai za ka zo."

Tun daga lokacin kujerar Miss Ruby ta samu mai zama duk yammacin Lahadi. Longji kuwa bai bar labarin ya kwana ba, shi ya laƙaba masa Fasto Chaïbou. In aka matsa masa da tsokana, sai Malam ya rufe fuska da hannun riga ya ce:

"Ku bar ni da kunyata, don Allah. Kwanakin dai ban kuskure ko ɗaya ba. Malaman ne na ɗauko daga unguwar da ba ita ba."