Ƙofar Fagge a Katangar Makarantarmu

Sakandaren da na yi tana tsakanin Fagge da Sabon Gari, kuma ko waye ya zana ta, bai shawarci kowa a Fagge ba. Ginin jan bulo ne mai rufin kwano da doguwar baranda, an kewaye shi da katanga. Ƙofa ɗaya tak aka yi masa, ita ma ta kalli Sabon Gari. Mu kuwa aka juya mana ƙeya.

A shekarun hamsin, gab da mulkin kai, na ci jarrabawar shiga. Murnata ba ta je ko'ina ba. Baba falken kanwa ne, kakanninsa daga Barno suka zo, kuma in ya ce a'a, to a'a ɗin ce. Ya je da ƙafarsa ya zagaya ginin, ya ga kafin yaron Fagge ya kai ƙofar nan sai ya ratsa layin da ake sayar da giya, inda kiɗan garmaho ke tashi tun da hantsi.

"Ban hana ka boko ba," in ji shi. "Amma ɗana ba zai riƙa sammako ta gaban gidan giya ba."

Na yi kuka har da majina. Ga ranar buɗe makaranta na matsowa, in ban je ba a ba wani gurbina, ni kuma in koma bin jakunan kanwa.

Baba ya tara dattawan unguwa suka sami hedimasta, wani Bakatsine mai sanyin magana, suka roƙi a huda ƙofa ta baya.

"Alhaji, ginin hukuma ne," in ji hedimasta. "Ko ƙusa ban isa in kafa ba sai da izini, kuma ba za a fasa katanga don wata unguwa ba."

Sai Baba ya tambaya ina yara ke sallar azahar. Hedimasta ya ce a baranda, kan tabarma.

"To, Malam, mu za mu gina musu masallaci a jikin katangar ta waje. Sai dai masallacin ƙofa biyu zai buƙata, ɗaya ta 'yan unguwa, ɗaya ta ɗalibanka."

Hedimasta ya daɗe yana dubansa. Can ya yi murmushi ya ce, "Wannan izinin kam zan iya nema."

Aka yi gayya. Mu yara muka yi ta jigilar ruwa, matasa na kwaɓa ƙasa suna yin tubali, tsofaffi na ba da umarnin da ba wanda ya nema. Wani kafinta Bayarabe daga Sabon Gari, wanda ɗansa ke makarantar, ya kawo mana ƙyaure kyauta. Da izini ya iso, Baba ne ya fara ɗaga diga ya sari katangar.

Tun daga lokacin 'yan Fagge ta masallaci suke shiga makaranta, takalma a hannu. Abokanmu na Sabon Gari sun sha tsokanarmu da haka, mu kuwa ko a jikinmu. Daga baya an ɗora bene, an ƙara ɗakin kimiyya, masallacin ma an sake shi da siminti, amma ba wanda ya taɓa toshe ƙofar. Alƙalai da likitoci sun bi ta cikinta ba takalmi, kuma har gobe ina alfahari da cewa ubana ne ya huda ta.

Ranar farko shi ya raka ni. Muka cire takalma, muka ratsa masallacin, ƙasa ko gama bushewa ba ta yi ba. A bakin ƙofar ciki ya tsaya, ya leƙa filin makaranta da yaran da ke jere cikin gajeren wando. Na ja hannunsa mu shiga tare. Ya zare hannun a hankali, ya gyara mini hula.

"Ni iyakata ke nan," in ji shi. "Sa takalminka ka wuce."