Ingilishin rumfar maɗinki

Na fito lakkwal, makarantar boko ta Madawa, da Faransanci a bakina, babu aiki a hannuna. Shekara biyar na yi a can, don mai garinmu ya ba da sunana lokacin da kumandan, Baturen mulki, ya nemi yara daga Sabon Gida, babana kuwa ba shi da bakin cewa a'a. Da na gama aka ce biro, wato ofishin gwamnati, ya cika, in koma gida in jira kira. Na koma na ɗauki hauya kamar kowa, amma raina ba ya gonar. Ina noma ina duban hanya. Ko jaki ya wuce da kaya sai na tsaya na bi shi da ido har ya ɓace.

A ranin da na cika shekara goma sha tara, kawuna, ƙanen innata, ya zo ganin gida. Shi yana zaune a ƙasar Ingilishi, wajen Sakkwato, yana fataucin shanu. Ya ce Nasaran can suna ɗaukar samari masu karatu su koya musu allurar dabbobi, amma sai an zauna jarrabawa cikin harshensu, sau ɗaya a shekara, bayan kaka.

"In ka iya bakinsu," in ji shi, "ni zan tsaya maka, in ce ɗana ne."

Babana yana gyaran igiyar rijiya, bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Bakin Nasara guda ka koya, mi ya kawo muna? Yanzu na biyu kake nema?"

Kwana uku ban ci tuwon kirki ba. Inna ce ta shiga tsakani, aka yanke cewa ranar kasuwar Madawa tawa ce, sauran kwanakin na gona.

Mutum ɗaya na sani a duk ƙasarmu da ya iya Ingilishi. Wani tsohon maɗinki ne, asalinsa ɗan Tabotaki, yana da rumfa a bakin kasuwa. Tun yana saurayi ya ƙetara iyaka, ya yi wa wani Bature kuku, daga baya ya zama masinjansa, har ya koyi karatu a hannun akawun ofis. Da ƙafafunsa suka gaji ya dawo da allurarsa da wani littafi marar bango. Na gaishe shi na faɗi abin da ya kawo ni. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Idona ya fara gazawa," ya ce. "Kai ka riƙa zura mini zare, ni in riƙa zura maka Ingilishi. Zauna."

Haka muka fara. Ina tashi da asuba in kama hanya, in iso hantsi ya ɗaga, ƙafafuna fari fat. Haruffan ba su ba ni wahala ba, tunda iri ɗaya ne da na lakkwal. Cikin wata bakwai ina karanta shafi guda ba tsayawa, ko da yake tsohon yana cewa ina furta kalmomin ta hanci kamar mushe, malaminmu na lakkwal. Sai na fara matsa masa. Na ce a bana zan tafi.

"A bana za ka tahi ka faɗi," in ji shi. "Ba karatu suke tambaya ba. Magana za su rubuto maka mai ɗingishi, su ce ka gyara ta."

Ya buɗe ƙarshen littafin, inda aka jera jimloli masu kuskure. Na karanta ta farko sau uku, ban ga abin da ya same ta ba. Wani mutum ne yana son abubuwa uku: hawan doki, da iyo, da farauta. Kowace kalma na san ta.

Tsohon ya ajiye rigar da yake ɗinki. Ya ce da Hausa, "Saurara. Ina son noma, da kiwo, da in yi fatauci. Ka ji?"

Na ce na ji.

"To saurara kuma. Ina son noma, da kiwo, da fatauci. Wacce ta zauna daidai?"

Nan take kunnena ya kama. Ta farkon ta tafi lafiya har ta uku, sannan ta sauya taku. Ya nuna mini da tsinin allura cewa a jimlar littafin kalmomi biyun farko suna da ɗan wutsiya, wato ing, ta ukun kuwa ta zo da to a gabanta. Ko duka ukun su ɗauki wutsiyar, ko duka su bar ta. Ya ce duk inda aka jera abubuwa, ko aka ce ba wannan kaɗai ba har da wancan, ko aka gwada abu da abu, dole kowane gefe ya zo da siffar ɗan'uwansa.

Na ce, "Amma Baba, innata tana faɗin irin ta farkon kullum, kuma kowa yana gane ta."

"Innarka ba ta neman aikin allura," ya ce. "Zura mini baƙin zare."

Wannan dokar ta shige ni har ta zama mini ciwo. Liman yana wa'azi ina jin inda jerinsa ya karkace. Ran nan babana ya ce in je in ba dabbobi ruwa, in duba rumbu, da gyaran darni. Bakina ya kuɓuce na ce, "Da in gyara darni." Ya dube ni, ya ce, "To, ka gyara shi."

Kashi na biyu na jarrabawar shi ya hana ni sakat. Ƙananan kalmomi ne da ke manne wa manya, irin su on da of da at da for. Za a bar gurbi a ce ka cika. Ni kuwa duk inda Faransanci ya sa de, sai in sa of. Na rubuta depend of, tsohon ya buge mini hannu da sandar awo ya ce depend on. Na tambaye shi dalili.

"Babu dalili. Haka suke cewa."

"Komai yana da dalili, Baba. A lakkwal mushe yana ba mu doka."

"To ba ni dokar da ta sa muke cin kasuwa. Ka taɓa tauna ta? Muna shan iska, muna shan wahala, muna shan kashi. Wa ya zuba maka su a ƙwarya? Baturen da na yi wa aiki ya shekara yana tambayata wannan, na ce masa haka muka taras. Kai ma haka za ka taras da nasu."

Sai na koma hadda, kamar yadda muka yi a makarantar allo. Nakan kwafi goma a kayena, littafin rubutuna, in tafi da su, ina maimaitawa a hanya, ina maimaitawa a kunya. Na ƙi jinin of ƙwarai, har in na gan ta sai in ji zafin sandar awo a bayan hannuna.

Na shirya tafiya bayan kakar shekara ta biyu. Gero yana fitar da kai sai labari ya zo cewa yaƙin Nasara ya juya, Faransa da Ingilishi sun ɓata, an rufe iyaka. Aka zuba masu gadi a hanyoyin kudu. Mun ji an kama fatake an ɗaure, an ƙwace musu kaya. Ranar kasuwa na iso rumfa, tsohon bai bari na zauna ba. Ya tura mini littafin cikin wani tsumma.

"Ɗauke shi daga nan. Kowa ya san na yi wa Ingilishi aiki, jiya ma an zo an yi mini tambayoyi. Kada ka sake zuwa sai na aiko."

Na cusa littafin cikin damman gero a ƙasan rumbu. Shekara biyu cur bai aiko ba. Ban san yadda zan kwatanta waɗannan shekarun ba. Ba na iya zama a dandali, ba na iya zama a gida. Na bi masu kai albasa Buza, na dawo. Na bi wani makiyayi har duwatsun Keita, na kwana goma sha biyu na ce na gaji. Sau biyu na kama hanyar kudu da niyyar in ratsa daji, sau biyu na juyo daga rabin hanya, don na san in aka kama ni babana za a kira. Aka yi mini maganar aure na ce a dakata. Inna ta fara kawo mini rubutu in sha, tana zaton iska ce ta taɓa ni. In ba kowa a gida nakan shiga rumbu in karanta shafi biyu a tsaye, gumi yana zuba a kan takardar.

Da aka buɗe iyaka ban jira aike ba. Na biya ta rumfa na yi sallama, tsohon ya rame, ya daina ɗinki mai ƙanƙanta. Ya tambaye ni jimloli biyar a tsaye, na ba shi huɗu. Ya ce, "Tahi, Allah shi ba da sa'a."

Kawu ya cika alkawari. Mu goma sha wani abu muka zauna a barandar wani ofis, kowa da takarda a kan gwiwa, wani akawu yana zagaya mu. Sauran duk 'yan makarantar can ne, suna ta hira da juna cikin Ingilishi kafin a fara, ni kuwa ko kalma ɗaya na kasa kamawa saboda saurinsu. Da aka raba takardun na ga jimlolin jeri, sai na duƙa a kansu. Na gyara su duka kafin na kusa da ni ya gama ta biyu.

A wajen cike gurbi ne na tsaya. An rubuta cewa makiyayin yana tsoron allura, afraid, sannan gurbi. Cikina ya ce of. Na tuna Faransanci ma de yake sawa a nan, sai na ce ai tarko ne. Na goge na rubuta from. Irin wannan ta sake zuwa a ƙasa, na sake guje mata.

Kashegari Baturen dabbobi ya kira mu ɗaya bayan ɗaya. Ya riƙe takardata yana juya ta, ya ce da Hausarsa mai kauri wa ya koya mini. Na ce wani maɗinki. Ya ce jerina ya fi na kowa, amma me ya haɗa ni faɗa da of? Mutum shida suke nema, na zo na bakwai.

Na fito na zauna a gindin wata bishiyar bedi, ban san inda zan sa kaina ba. Kawu ya ce in koma gida in dawo baɗi. Na ce ba zan iya sake wata shekarar jira ba, ko da za a ɗaure ni. Ya shiga ofishin da kansa, ya daɗe. Da ya fito ya ce sun yarda in bi ayarin allura a matsayin mai kama shanu da yi wa makiyaya bayani, tunda ina jin ɗan Fillanci, in na yi kyau su duba ni baɗi ba tare da sabuwar jarrabawa ba.

Bayan kwana huɗu muka tashi zuwa rugagen yamma. Aikina na farko shi ne riƙe ƙahon wani jan bijimi, wanda ya ɗaga ni sama ya yar a cikin ƙaya, Fulani suna ta dariya. Na tashi na kakkaɓe riga na sake kama shi.