Mai Zanen Kekuna a Bakin Kasuwar Beringharjo

Tun safe Sulastri mai shayi ta kasa ɗauke ido daga tsohon da ke tsugune a bakin kasuwa yana yi wa keken fasinja zane. Ba ta san shi ba. Siriri ne, gemunsa duk ɗigon shuɗin fenti, hannunsa na rawa kamar mai zazzaɓi. Daga idanunsa ta gane ya daɗe yana abota da kwalba.

Mai keken yana zolayarsa: "Baba, a sayo maka giya ne? An ce sai ka kurɓa hannun ke tsayawa."

"Shekara talatin ni ma haka na zata," in ji tsohon. "Yau kwana tara rabona da ita. Matsa, ka tare min haske."

Ya ɗora buroshi. Rawar ba ta daina ba, sai ya ƙyale ta ta yi aiki, kowace karkarwa tana zama igiyar ruwa, har teku ya tashi a jikin ƙarfen. Masu kekuna suka taru suna tafi, Sulastri na tsakiyarsu.

Tsohon ya ja da baya yana dariya har da ƙwalla. "Ashe hannun nawa ne, ba na giya ba," ya ce. "Keken wa ke biye?"